Manufa Uku da Na Rubuta wa Mai Tsaron Shinge

Ina da shekara ashirin da biyu aka turo ni Jibiya in koyar da manya karatun boko. A shekarun hamsin ke nan, tun Turawa ba su tafi ba. Motar da ta kawo ni ta sauke ni a bakin kasuwa ana tsakiyar bazara, da akwatin ƙarfe ɗaya, da baƙin allo ɗaure da igiya, da wani littafi mai kauri da aka ce in riƙa rubuta shirin darasi a cikinsa kowace rana.

Ni mutumin ƙasar Zazzau ne, kuma ban san kowa a garin ba. Aka sama mini ɗaki a gidan wani maƙeri. Mutumin kirki ne, amma ba mai magana ba. Tuwo nakan tarar an ajiye mini a ƙofar ɗaki an rufe da faifai, in ci ni kaɗai, in mayar da kwano inda na ɗauka. Mutanen garin ba su wulaƙanta ni ba ko sau ɗaya. Girmamawar ce ma ta yi yawa. Idan na doshi inda ake zaune ana hira, sai a tashi a ba ni tabarma mafi kyau, a gaishe ni, a tambaye ni gajiya, daga nan hira ta mutu. In na gaji da shirun na miƙe, ba na yin nisa sai in ji dariya ta dawo a bayana. Ga bakina kuma daban. Su ce tahi, ni in ce tafi, kowa ya san baƙon malamin nan ne ke magana.

Ajina wata rumfar zana ce a bayan kasuwa, kusa da hanyar da ta nufi iyaka. Bayan la'asar muke zama. Da farko rumfar ta cika. Akwai 'yan tireda, da maɗinki, da manoma da ke takowa a ƙafa daga ƙauyukan Kusa da Daddara, har da wasu Maguzawa biyu daga wajen Mazanya da ke zama a bakin rumfa su ajiye sandunansu a gefe. Kusan dukkansu sun haife ni.

A makarantar horon malamai an koya mana cewa kowane darasi sai an rubuta masa manufa a saman shafi. Ni kuwa ina ji da iya rubutu. Sai in zauna da hantsi, tun da ba ni da wurin zuwa, in tsara jimla mai daɗi. Har yau ina tuna wasu: "Domin ɗalibai su fahimci muhimmancin ilmi a rayuwa." "Domin su san haruffa." "Domin kansu ya waye." In ja layi a ƙasa da rula, in ji na yi aiki. Da yamma kuma in tsaya gaban allo in ce ba, su ce ba, in ce bi, su ce bi, har rana ta yi ja.

Da ruwan farko ya sauka, manoma suka ɗauke ƙafa. Ban damu ba, na ce gona ce. Amma sai 'yan tireda ma suka fara raguwa, su da ba su da gona. Maɗinkin ya daina zuwa, kuma kullum ina wuce shi a rumfarsa yana taka keke. Wata rana na tsaya na tambaye shi ko lafiya. Ya sunkuyar da kai yana gyara zare, ya ce, "Lahiya lau, Malam. Aiki ne ya yi yawa." Na dubi rumfar, riga ɗaya ce a rataye.

A cikin wannan hali mai duba makarantu ya zo daga birnin Katsina. Dattijo ne siriri mai tabarau, ya iso da hantsi a motar kaya. Na yi murna da ganinsa fiye da yadda ya kamata, domin na yi wata uku ban zauna da wanda ya san irin aikina ba. Ya karɓi littafina ya zauna a kan benci yana buɗawa a hankali. Bai ce komai a kan raguwar ɗalibai ba. Ya ɗora yatsa a kan wani layi, ya ce, "Malam, wannan da ka rubuta, su fahimci muhimmancin ilmi. Sun fahimta?"

Na ce, "Ina jin sun fahimta, ranka ya daɗe."

Ya ce, "To, a ce yanzu na shiga kasuwa na kamo ɗaya daga cikinsu. Me zan ce ya yi a gabana in san ya fahimta?"

Na sake duba layin da ya ɗora wa yatsa. Sai ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya ce, "Ba laifinka ba ne, dukanmu haka muka fara. Amma fahimta a cikin mutum take, ni da kai ba ma ganin cikin mutum. Su ma ba sa gani. Mutum ya bar sana'arsa wata uku yana zuwa nan, in ya koma gida aka tambaye shi me ya iya yau wanda bai iya jiya ba, me zai ce? Ka riƙa rubuta abin da hannunsa zai yi, ko abin da bakinsa zai faɗa, wanda kowa zai tsaya ya gani."

Na roƙe shi ya tsaya ya ci abinci. Ya ce motar da ta kawo shi za ta juya kafin azahar. Na raka shi har bakin hanya, na tsaya har motar ta ɓace, sannan na koma ɗaki na buɗe littafin tun daga shafin farko. Ban sami layi ɗaya da zai amsa tambayarsa ba.

Bayan kwana kaɗan aka yi ruwa tun azahar. Na je rumfa don kada a ce ban je ba. Mutum ɗaya na tarar, ya takure a inda rufin ba ya yoyo. Na san fuskarsa, domin bai taɓa fashi ba, amma ban taɓa jin muryarsa shi kaɗai ba. A can baya yake zama. Shi ne mai tsaron shingen iyaka, wato wanda ke ɗaga doguwar sandar da aka gitta a hanya idan mota za ta wuce. Tsohon soja ne, ya kai shekara hamsin, yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu.

Na ce, "Baba, yau sai mu biyu. Ko mu haƙura?"

Ya ce, "Tunda mu biyu ne, Malam, ina da magana."

Ya daɗe yana murza hularsa kafin ya fara. Ya ce shekara tara ke nan yana aikin shinge. Duk direban da ya zo, shi yake miƙa wa takardar izinin wucewa. Sai ya karɓa, ya riƙe ta, ya dube ta sama da ƙasa, ya gyaɗa kai, sannan ya kai wa akawun kwastan a ofis. In akawu ya tafi salla ko cin abinci, shi da kansa yake duba hatimi ya ɗaga sanda.

"Hatimin kaɗai na sani, Malam. Na wajenmu mai zagaye ne, na duwan, wato kwastan ɗin Faransa, mai kusurwa huɗu. Sauran duk zane ne a wurina. Amma duk garin ga an ɗauka na iya karatu tun a soja. Har wasiƙa akan kawo mani, in ce idona na ciwo."

Ya ce tsohon akawun ya san komai, kuma ya rufa masa asiri. To, yanzu za a canja shi da kaka, kuma an ce sabon da zai zo yana son mai shinge ya riƙa duba lambar mota da kwanan wata da kansa kafin a shigo ofis, saboda yawan motocin gyaɗa da ke fitowa daga wajen Maraɗi.

"Korar ba ta dame ni kamar kunyar ba," in ji shi. "Shi ya sa nike zuwa nan. Amma wata uku muna ba, bi, bu, har yau in na riƙe takardar ban san ta inda za ni kama ba."

Washegari da safe, maimakon in zauna tsara jimla, na tafi bakin iyaka. Ƙaramin ofis ne mai rufin kwano, da wata bishiyar aduwa, da sandar da aka yi wa fenti fari da ja. Can gaba kaɗan kuma ƙasar Faransa ce, kamar yadda muke ce wa Nijar a lokacin. Na zauna a gindin bishiyar har azahar ina kallon aikinsa. Tsohon akawun ya gane abin da ya kawo ni, bai tambaya ba, sai ya ɗebo mini tsofaffin takardu da aka gama da su ya ce in tafi da su.

Na kwana biyu ina fama da layi ɗaya na manufar darasinsa. Na fara rubuta, "Ya san takardar izinin wucewa." Na tuna tambayar dattijon nan, na soke. Na rubuta, "Ya iya karanta takardar." Wannan ma na soke, domin rabin takardun da Faransanci suke, ni kaina ban iya karanta su ba, kuma ba wanda ya ce sai ya karanta su duka. Sai na koma ga abin da na gani da idona a bakin shinge. A ƙarshe na sami abu uku. Zai karanta lambar mota da baki, ya nemo ta a takarda, ya faɗi ko sun yi daidai. Zai nuna kwanan wata, ya faɗi ko wa'adin takardar ya wuce. Zai kira sunan direba daga takarda har direban ya amsa. Na ƙara a ƙasa cewa zai yi wannan a takarda goma a jere, ba tare da na sa baki ba, kafin motocin gyaɗa su fara.

Na karanta masa. Ya ce in sake. Na sake. Ya ƙirga da yatsu, ya ce, "Uku ke nan? Ba sauran?"

Na ce babu.

Ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "Ashe abin yana da iyaka." Sannan ya ce akwai gyara. "Ka ce a tsaye, Malam. Can ba a zaune nike ba. A tsaye, cikin rana, direba shina yi mani tsawa in yi sauri."

Na ƙara wannan a rubuce. Daga ranar a tsaye muke darasi. Nakan rubuta lambar mota da alli a jikin allo, in tsaya a gefensa in zama direba, in riƙa cewa, "Haba Baba, ka sallame ni mana, rana na yi!" Shi kuma ya ɗaure fuska ya ce, "Tsaya nan, ɗan nema." Ranar farko da muka yi haka na yi dariya har na riƙe ginshiƙin rumfa, kuma na lura rabona da dariya irin wannan tun ina gida.

Lambobi ba su ba shi wuya ba, sai abu ɗaya. Takardun wajenmu yana cin su daidai, na wajen Faransa kuwa sai ya riƙa kiran ɗaya bakwai. Na ɗauka rashin kula ne, har na ɗan yi masa faɗa. Da na duba da kyau sai na ga su can suna yi wa ɗaya dogon baki har ta yi kama da bakwai ɗinmu, bakwai ɗinsu kuma suna gitta mata layi a ciki. Na ba shi haƙuri. Ya ce, "Kai ma ka ƙaru, Malam." Muka ware mako guda a kan wannan kaɗai.

Sunaye ne suka ɗauki lokaci, don dole ya san haruffa. Amma yanzu ba ba, bi, bu muke yi ba. Sunayen da ke cikin tsofaffin takardun muke bi, yawancinsu kuma direbobi ne da ya sani shekara da shekaru. In ya haɗa harafi da harafi sunan ya fito, sai ya ɗago kai ya ce, "Af, ashe wanga ne! Mai haƙorin azurfa!" Daga nan sai labari. A haka na san wane direba ne mai rowa, wane ne ya taɓa faɗawa rafi da mota. A haka kuma na san shi. Matarsa ta rasu yana ƙetaren teku wurin yaƙi, ɗiyarsa ɗaya tana aure nesa, ba ta cika zuwa ba. Ɗaki ɗaya gare shi a bayan ofis. Ya fara zuwa da goro ya raba mana biyu. In mun tashi mukan yi magariba tare a masallacin bakin kasuwa, ya rako ni har ƙofar gidan maƙeri, sannan ya juya yana ɗingishi.

Daminar nan duka, shi ne mutumin da nake magana da shi. Tun safe nake jiran la'asar.

Kafin a fara yankan gero ya iya. Na san ya iya, domin na gwada shi a ɓoye, na jera masa takardu kamar wasa, ya wuce goma bai yi kuskure ba. Abin da ya rage shi ne in je bakin shinge in tsaya ya yi a gabana, in rubuta a littafi cewa an gama. Sai na kasa. Na ce masa akwai sauran gyara a wajen watanni. Da muka gama wannan na ce ya kamata ya koyi rubuta lambobin da hannunsa, alhali ba ya cikin abin da muka shirya. Na ƙirƙiro aikin mako biyu. Ban taɓa zama na ce wa kaina ga dalili ba, amma na san dalilin. In ya gama, rumfar za ta koma ni kaɗai.

Wata yamma ya ajiye allin da na ba shi, ya kakkaɓe hannu, ya ce, "Malam, ɗauko takardar nan da ka rubuta tun farko. Karanta mani."

Na buɗe littafin na karanta.

Ya ce, "A cikin ukun, wanne ne ban iya ba?"

Na sake duba shafin. Da irin manufofina na dā ne, da na sami mafaka, in ce fahimtarsa ba ta cika ba, kuma ba mai iya ƙaryata ni. Wannan kuwa ni na rubuta ta yadda kowa zai gani, shi ma ya gani.

Na ce, "Babu, Baba. Duk ka iya."

Ya dube ni ɗan lokaci. Ban san abin da ya karanta a fuskata ba. Bai yi fushi ba. Ya ce, "To, gobe da hantsi ka taho."

Na je. Sabon akawun ya riga ya iso, matashi ne kamata, mai guga a wando. Motocin gyaɗa sun fara fitowa, uku na jere a bayan sanda. Na tsaya gindin aduwa kamar mai jiran wani. Baba ya karɓi takardar farko, ya zagaya gaban mota, ya karanta lambar da ƙarfi, ya duba takarda, ya kira sunan direba. Direban ya leƙo ta taga ya ce, "Na'am! Yau kuma kiran suna ake?" Baba bai kula shi ba. A mota ta shida ko ta bakwai ya tsaya ya daɗe yana duba takardar. Sai ya ce wa direban wa'adin takardarsa ya wuce da kwana biyu. Direba ya yi ta rantsuwa. Akawu ya fito ya karɓa ya duba, ya ce gaskiya ne, ya koma ciki ba tare da ya ko dubi Baba ba, don a wurinsa mai shinge ya yi aikinsa ne kawai. Abin da Baba yake so ke nan. Na ƙirga goma, na buɗe littafina a kan gwiwa na rubuta cewa ya cika duka ukun.

Da la'asar ya zo rumfa riƙe da zabo an ɗaure masa ƙafa. Ya ajiye a gabana, ya yi godiya mai tsawo, ya sa wa iyayena albarka. Na ce, "Baba, ai yanzu aka fara. Ga rubuta wasiƙa, ga karanta jarida. Wata uku kawai, za ka rubuta wasiƙa da hannunka."

Ya yi murmushi ya ce, "In rubuta ma wa, Malam? Ɗiyata ba ta karatu. Abin da na zo nema na samu. Yanzu kuma aiki ya taso, sai duhu muke tashi."

Ban sake roƙonsa ba. Na kai wa matar maƙeri zabon ta dafa, aka ajiye mini rabona a ƙofar ɗaki.

Bayan an gama girbi na bi mutanen da suka gudu ɗaya bayan ɗaya, ban kira su aji ba, sai na tambayi kowa abin da yake so ya iya yi. Maɗinki ya ce yana so ya rubuta awon mutane da sunansu don ya daina ƙulla zare yana mantawa. Ɗaya daga cikin Maguzawan Mazanya ya ce yana so ya gane ranar da aka rubuta a takardar asibitin matarsa. Na rubuta wa kowa nasa, na karanta masa, ya gyara. Wasu suka dawo, ba duka ba. Kuma kowa in ya sami nasa sai ya yi godiya ya tafi, wani ya maye gurbinsa. Na saba da haka. Daga baya na yi shekaru ina koya wa sababbin malamai rubuta manufar darasi, ina ce musu su fara da tambayar abin da mutum zai yi a gabansu su gani. Ban taɓa ba su labarin mako biyun nan ba.

Ni da Baba mun ci gaba da gaisawa. In mun haɗu ranar kasuwa yakan tsaya ya tambaye ni mutanen gida, wani lokaci ya ɓallo mini goro. Amma zaman bai sake dawowa ba, ni kuma kunya ta hana ni zuwa bakin shinge ba dalili.

Shekara ta zagayo aka mayar da ni birni. Da safen da zan tafi na taka har iyaka in yi masa sallama. Na tarar da motoci sun yi layi har bayan ofis, direbobi sun kewaye shi kowa na miƙo takarda. Na tsaya daga nesa ina jira ya sami sarari. Can ya hango ni, ya ɗaga hannun da ke riƙe da takarda, ya ce da ƙarfi, "Malam, ina zuwa!" Sai wani direba ya ja masa hannun riga, ya juya. Na jira har na ji motar Katsina tana ta hon a bakin kasuwa, sai na bar wa akawu saƙo na koma. Ban sake ganinsa ba.